Daga 1991 Zuwa Hatimin Malam Muhammadu Bakatsine: Tarihin Lambar da Ake Karantawa ta Kowane Gefe

A wannan fitowar tarihi na kawo muku maimakon ci gaban labari, kuma tarihin lambobi. Na san akwai waɗanda da sun ji an ambaci lissafi sai su ji kansu ya fara sarawa, to ku kwantar da hankalinku, duk wanda ya iya karɓar canji a kasuwa zai iya bin wannan zance har ƙarshensa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, mu mutanen Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura muka kwana muna Kanawa muka tashi muna Jigawa. Ku dubi shekarar da kyau. Ko ta hagu aka faro ta kamar boko, ko ta dama kamar ajami, 1991 ce dai za a karanta. Irin wannan lamba ni na raɗa mata suna juya-ni, kamar yadda kalmar "aya" ko "ana" take a rubutun boko. Bayan 1991 an sake samun irinta a 2002, ta gaba kuwa sai 2112, wadda sai dai jikokin jikokinmu su gan ta.

Mutane suna da son irin wannan lamba. Ranar 22 ga Fabrairu 2022, da aka rubuta kwanan watan a jere ya ba da 22022022, saƙonni sun yi ta yawo a WhatsApp da Facebook ana cewa rana ce ta sa'a, wasu a ƙasashen duniya har aurensu suka tsayar a ranar. To tambayar da nake so mu bi ita ce, wannan daidaito a jikin lambar yake, ko kuwa a rigar da muka sa mata? Amsa ta farko tana rataye a bangon ɗakin kowa, domin kalandarmu fuska biyu gare ta. Ranar da aka ƙirƙiri Jigawa, a lissafin Hijira watan Safar ne na shekarar 1412, in ka juya ta 2141 za ka samu. Waccan rana ta Fabrairu kuwa a Rajab na 1443 ta faɗo. Rana ɗaya ce, rana guda ta fito ta faɗi, amma a wannan kalanda juya-ni ce, a waccan ba ita ba ce.

Domin mu gane dalili sai mun koma baya mun ga yadda iyayenmu da kakanninmu suka yi ƙidaya, saboda Bahaushe ya canza wa lamba riga ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mu fara da zamanin wuri. Lokacin da Ɗantunku ya kafa Kazaure a 1819, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kwaso shi. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon gano ƙasashe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ga yadda ake ƙirga shi a Tasawa a farkon 1851 kafin ya shigo Kano. Ya bayyana cewa a nan ƙasar ba a zura wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, da hannu ake jan sa biyar-biyar ana tara shi tsibi-tsibi, na metan ko na dubu. Ya kuma ce a Kano wuri 2,500 ake canza dalar azurfa guda. Masu wannan ƙidaya suna da matakansu, ashirin hauya ce, ɗari zangu ne, dubu ashirin kuwa keso. Wato tsani ne ake hawa, sai dai tazarar matakansa ba ɗaya ba ce: daga wuri zuwa biyar ninki biyar, daga biyar zuwa hauya ninki huɗu, daga hauya zuwa zangu ninki biyar, daga zangu zuwa keso ninki metan.

Da Turawa suka zo sai aka hau wani tsanin, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda, a tsakani ga taro da sisi da nai. Da shi aka yi ta ciniki har ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo. Alal misali a ce wani dattijo ya sayar da ɗan akuyarsa fam 1 da sule 5 da kwabo 1. In ya rubuta a jere, 1-5-1, ga juya-ni ta fito tsaf. Amma in aka mayar da kuɗin nan kwabo zalla 301 ne, kuma 301 in an juya ta ta zama 103. Kuɗin da ke aljihunsa bai ƙaru ba bai ragu ba. Haka 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke ƙidayar sefa da dala, ko wace dala tamma biyar, saboda haka abin da Bamaraɗe zai kira dala 33, a jikin takardar kanti 165 za a rubuta.

Malamanmu na zaure kuma tasu hanyar daban ce, ita ce hisabin haruffa, inda ko wane harafin Larabci yake ɗauke da adadi: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har zuwa dubu. A nan ƙasar tsarin Magariba aka bi, wanda a cikinsa shin ce dubu, alhali a ƙasashen gabas gain ce dubu. Da wannan ne mawaƙan ajami suke rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in an tara haruffanta za ta ba da shekarar da aka yi waƙar. Mu ɗauki shekarar Hijira 1221, wadda ta kama daga 1806 zuwa 1807, lokacin da jihadi yake tsakiyar ci a ƙasar Kano. Mu a idonmu juya-ni ce. Shi kuwa mai ramzi abin da yake gani shi ne shin dubu, ra metan, kaf ashirin, alif ɗaya, haruffa huɗu da ba wanda ya yi kama da wani. Kuma yana da damar ya jera su yadda duk za su dace da amsa-amon waƙarsa, domin ko ta ina aka faro tarawa 1221 za a samu. A irin wannan tsari juya rubutu ba ya canza komai, saboda haka ba wanda zai yi mamakin lambar da ta jure juyi.

Ashe ke nan maganar juya-ni ba ta tasowa sai a tsarin da mazaunin lamba yake ba ta daraja, inda 1 da ke farkon 1991 take nufin dubu, ta ƙarshe kuma take nufin ɗaya tak. Wannan dabara daga Indiya ta fito. Malamin Bagadaza Alkhawarizmi ya yi littafi a kanta wajen shekarar 825, daga nan ta bazu a ƙasashen Musulmi. Wani yaro ɗan birnin Pisa na Italiya mai suna Leonardo, wanda daga baya aka fi sani da Fibonacci, ya koye ta a Bijaya da ke gaɓar tekun Aljeriya, inda mahaifinsa yake aiki a madadin fataken garinsu. A 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci yana koya wa Turawa ita. Wato lambobin da muke kira na boko, a Afirka ta Arewa mai kai su Turai ya yi karatunsu.

Tsanin wannan tsari shi ne 1, 10, 100, 1000, ko wane mataki ninki goma na wanda ya gabace shi. Amma ba dole ne sai goma ba. Ɗaliban da suka yi karatun kwamfuta a makarantar Informatics ta Kazaure sun san na'urar da tsanin biyu take aiki, 1, 2, 4, 8, 16, kuma alamunta biyu ne kacal, 0 da 1. Akwai kuma tsanin da ba ninkawa ake yi ba, tarawa ake yi, kuma a littafin nan na Fibonacci ya yi suna, a wata tambaya kan yadda zomaye suke hayayyafa. Matakansa su ne 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89, ko wane mataki jimlar biyun da suka gabace shi.

Marubuta waƙa ku matso kusa, domin wannan tsani naku ne tun kafin ya zama na zomaye. Masana waƙa na Indiya, cikinsu har da Hemachandra wajen 1150, sun riga Fibonacci gano shi, kuma wajen awon baiti suka gano shi. Hausa ma tana da gaɓa iri biyu, gajera kamar "da" mai bugu ɗaya, da doguwa kamar "kai" ko "kan" mai bugu biyu. In kana so ka cike gurbin bugu biyu, hanya biyu ce, gajeru biyu ko doguwa ɗaya. Gurbin bugu uku hanya uku ne, na huɗu hanya biyar, na biyar hanya takwas. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Ko wane layi da gajera zai ƙare ko da doguwa. In da gajera ya ƙare, abin da ya rage gurbi ne da ya gaza da bugu ɗaya, in da doguwa ne ya gaza da biyu. Sai ka tara hanyoyin waɗannan biyun ka samu na ukun.

Wanda ya mayar da wannan tsani hanyar rubuta lamba har sunansa ya bi ta, likitan soja ne ɗan Beljiyam, Edouard Zeckendorf, wanda lissafi sha'awa ce kawai a wurinsa. Ya buga bayaninsa a 1972, ko da yake wani masani ɗan Holan, Lekkerkerker, ya riga shi bugawa a 1952. Abin da suka tabbatar shi ne ko wace lamba ana iya haɗa ta daga matakan wannan tsani, ta hanya ɗaya tak, muddin ba a ɗauki matakai biyu maƙwabtan juna ba. An hana maƙwabta ne saboda in suka haɗu sun riga sun zama mataki na gaba, 5 da 8 ai 13 ce. Yadda ake yi kuwa kamar mai ba da canji ne, ka fara da babbar takardar da za ta shiga, sannan ka dubi saura. Matakin da ka ɗauka ka rubuta 1, wanda ka tsallake ka rubuta 0.

To mu gwada da lambobin jiharmu. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, kuma ranar 27 ga wata aka haife ta. A rubutunmu na yau da kullum 27 ba juya-ni ba ce, in an juya ta 72 ce. A tsanin Fibonacci babban matakin da zai shiga cikinta 21 ne, saura 6, sai 5, saura 1. Mun ɗauki 21, mun tsallake 13 da 8, mun ɗauki 5, mun tsallake 3 da 2, mun ɗauki 1. Rubutunta ke nan 1001001, juya-ni. A wurin kwamfuta kuma 16 da 8 da 2 da 1 ne, wato 11011, nan ma juya-ni. Ita kuwa 1991 da muke yi wa kallon ta musamman, kwamfuta 11111000111 take rubuta ta, a tsanin Fibonacci kuma 1597 da 377 da 13 da 3 da 1 ce, wato 1001000000100101, ba ko ɗaya da ya jure juyi. Kun ga yadda reshe ya juye da mujiya.

Daga 1 zuwa 99 tsarinmu na goma yana da juya-ni 18. Tsanin Fibonacci yana da 17: 1, 4, 6, 9, 12, 14, 22, 27, 33, 35, 51, 56, 64, 74, 80, 88 da 90. Waɗanda suka dace a tsarin uku duka, har da na kwamfuta, uku ne rak, 1 da 9 da 33. Na san wani zai yi wuf ya ce ai 33 adadin tasbihi ce, lallai akwai sirri. Kafin ya tura wa jama'a saƙo ya ɗan dakata ya gwada 99, adadin 'ya'yan babban carbi. A goma juya-ni ce, a kwamfuta ma haka, 1100011, amma a tsanin Fibonacci 89 da 8 da 2 ce, 1000010010, ta faɗi. Falalar zikiri ba ta jiran shedar tsanin da wani likita ya buga a 1972. Kuma tsani ba ya ƙarewa, kana iya gina wanda ko wane mataki jimlar uku ne da suka gabace shi, 1, 2, 4, 7, 13, 24, shi ma da nasa juya-ni, masana lissafi suna ta bincike a kan irinsu. In tsanuka suka yi yawa, lambar da ta faɗi a wannan sai ta dace a wancan.

Shin akwai daidaiton da yake a jikin lamba, wanda canza riga ba ya taɓa shi? Akwai, kuma ɗaya daga cikin malaman da suka yi suna a kansa ɗan ƙasar nan ne. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashnawi, wato Bafulatani Bakatsine. Ya tashi a Katsina ta bayan su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, lokacin da garin yake cibiyar ilimi a ƙasar Hausa. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zarce Alƙahira ya zauna yana karantarwa. A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ a kan ilimin haruffa da aufaƙ, abin da mu muke kira hatimi, yana kuma da Durrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai. A gidan babban malamin nan Hasan Aljabarti ya rasu a 1741, kuma ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, wanda ya zama mashahurin marubucin tarihin Masar, ya sa tarihinsa a littafinsa. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta yi bayanin hanyoyinsa na gina hatimi mai gidaje mara a littafinta Africa Counts, daga nan sunansa ya shiga littattafan tarihin lissafi.

Ga mafi ƙanƙantar hatimi, mai gida tara, wanda kusan duk wanda ya zauna a zauren malam ya taɓa gani. Shi ne ake kira buduhu, saboda ba da dal da wau da ha, wato 2 da 4 da 6 da 8, su ne a kusurwoyinsa:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko a kwance ka tara, ko a tsaye, ko a karkace, 15 za ka samu. Duk gidaje biyun da suke fuskantar juna ta tsakiya jimlarsu 10 ce, 4 da 6, 9 da 1, 2 da 8, 3 da 7. Ka rubuta shi da haruffan Larabci, ko da lambobin boko, ko ka zuba tsakuwa a gurabun dara, wannan ba zai canza ba. Mai gida 25 jimlar layinsa 65 ce, mai gida 49 kuma 175.

Yanzu ku ɗauko waya ku buɗe wajen lissafi. Ku karanta layukan nan uku ta hagu, 492 da 357 da 816, ku ninka ko wace da kanta ku tara, za ku samu 1,035,369. Ku sake karanta su ta dama, 294 da 753 da 618, ku yi musu haka, 1,035,369 ce dai. Kada ku ce tsanin goma ne ya yi wannan aiki, ku canza shi da na Fibonacci, gidan farko ya ci 3, na biyu 2, na uku 1. Ta hagu layukan za su ba da 32 da 26 da 32, ta dama kuma 28 da 34 da 28. Ku ninka ko wace da kanta ku tara, ɓangaren farko 2,724, na biyu 2,724. Ko wane tsani kuka kawo haka zai fito, saboda ginshiƙin hagu da na dama nauyinsu ɗaya: 4 da 3 da 8 in an ninka ko wace da kanta jimlarsu 89, haka 2 da 7 da 6 su ma 89, kuma in aka ninka ko wane ginshiƙi da na tsakiya gida-gida, duka biyun 59 suke bayarwa. Wannan shi ne juyin da yake a jiki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon zance, ya shafe mu marubuta kai tsaye. A littattafanmu na hikaya, da zarar an ambaci hatimi to kishiya ce ta je wajen boka, ga jan ƙyalle ga ƙwarya ga baƙin zakara. Ba na musun cewa an yi amfani da hatimi wajen tsibbu, shi kansa Alkashnawi littattafansa suna ɗauke da wannan fanni, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncinsa, wannan fagensu ne. Amma jera lambobi 49 a gidaje 49 ba tare da an maimaita ko ɗaya ba, ko wane layi ya ba da 175, aikin ƙwaƙwalwa ne da ƙa'ida, kuma Bakatsine ya rubuta ƙa'idar kusan shekara ɗari uku da suka wuce har malaman Masar suka zauna gabansa. Yaron da yake aji biyar a Roni ko Gwiwa, wanda ya ɗauka lissafi kayan Turawa ne da ba a yi shi dominsa ba, ya cancanci ya ji wannan suna, kuma da wuya ya ji shi in ba a littafin da yayarsa take karantawa ba. Mai son rubuta labarin tarihi ga jarumi nan a ajiye, daga Katsina zuwa Makka zuwa Alƙahira.

Sannan duk ranar da aka turo muku saƙo cewa kwanan wata kaza ya daidaita gaba da baya don haka ranar sa'a ce ko ta tsautsayi, ku duba ɗaya fuskar kalandar kafin ku tura wa wani. Masu 'ya'ya a makaranta kuma ga aikin gida ku ba su: shekarun mahaifinsu, su rubuta su a tsanin Fibonacci su ga ko juya-ni ce. Wanda babansa yake da 51 ko 56 ko 64 zai sha mamaki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan labarinmu.